Fim Ɗin Da Muka Faro Daga Jana'iza

Ku matso nan, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga ta nan tafe gare ku, amma wannan ba tatsuniya ba ce. Abu ne da ya faru a garin nan namu na Madarumfa, idona ya gani, kuma da bakina a ciki.

Mu uku ne ƙawaye tun muna 'yan mata masu kai fura bakin tafki. Akwai ni. Akwai taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda Allah ya hore wa baki ya hana ta burki. Akwai ta ukunmu, matar masunci, wadda tun ƙuruciya Ƙawa kawai muke ce mata, kamar ba a yanka mata ragon suna ba.

Da tsufa ya zo, aikin da ya rage mana shi ne tsigar zogale. Masu garka su yanko su kawo mana dami-dami, mu baje tabarma mu tsige ganye, a dafa, a shanya, a kai Maraɗi. Hannu na aiki, baki na aiki. Mu taɓa ciwon gwiwa, mu taɓa tsadar albasa, mu taɓa surukai, daga nan sai mu faɗa hirar fim, ba mu fitowa sai an kira la'asar.

Taubashiya ce mai salula, ɗanta direba da ke Ɗan Issa ya saya mata. Akwai wani mutum mai rumfar sharji a bakin tasha, inda ake sa wa salula wuta, shi ke zuba mata fina-finai a ciki. In rana ta take muka gaji, sai mu jingina salular cikin ƙwarya don kada haske ya kashe hoton, mu haɗa kawuna uku muna kallo. Ba wadda ta yi lakwal a cikinmu, balle ta karanta rubutun da ke jikin fim. Hoton da ke sama shi taubashiya ke dannawa, in ya ƙare ta danna na ƙasa da shi.

Duk cikinmu Ƙawa ta fi iya tsinkar 'yan fim. Ba ta da yawan magana, amma in ta jefa guda sai ta zauna daram. Ta ce, "Ku duba matar can, yanzu ta tashi daga barci, ga jan baki ga gazal. Wane irin barci ne wannan?" Ta ce, "Tun da muke kallon gidan nan ban ji ƙarar taɓarya ba. Mi suke ci?" In wata ta yi kuka ta ce, "Kukan da babu majina ba kuka ba ne."

Ana nan, ana nan, sai mijinta ya kwanta ciwo. Damina guda cur ya yi a kan tabarma. Mutumin da ke ɗaga koma cike da kifi shi kaɗai ya koma sai an ɗaga masa kai ya sha ruwa. An kai shi likita a Maraɗi an dawo da shi. Ana fara yankan gero Allah ya karɓi abinsa.

Ƙawa ta shiga takaba. Ba fita, ba kwalliya, zane guda, 'yar wuƙa a hannu yadda muka taras iyaye na yi. Wannan duk mun san shi, ni ma na yi tawa. Abin da ba mu sani ba shi ne takabar da ake rufe baki. Ta daina magana, ta daina ci. A kai mata tuwo da safe, a ɗauke shi da azahar ya yi fata. Fura sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Surukarta, matar ɗanta da ke zaune a gidan, ta yi lallashi har ta gaji. Malam ya yi rubutu an wanke, ta sha don kunyarsa, ta koma ta zuba wa bango ido. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Wata rana surukar ta rako ni zaure, ta riƙe mini hannu ta ce, "Inna, in ba a yi wani abu ba, ƙawarki bin Baba za ta yi."

Ni ma abin da nake gani ke nan, ban dai furta ba.

Sai muka kwashe aikinmu muka mayar gidanta. Muka ce wa masu garka can za su riƙa kai dami. Mu baje tabarma ƙofar ɗakinta, ita tana ciki daf da ƙofa, ta jingina da bango, mu yi ta tsiga. Kwanakin farko mun yi ta yi mata nasiha, haƙuri, haƙuri, kowa ya zo haƙuri. Kamar muna magana da turmi. Daga baya muka bar ta, muka koma hirarmu.

Kallo kuwa ba mu yi a gidan ba, don bai kamata a ji kiɗan fim gidan takaba ba. Sai mu biya gidan taubashiya da hantsi, mu kalli gutsure guda, sannan mu taho. Lokacin mai sharji ya zuba mata wani dogon fim na Kano, gutsure-gutsure da yawa, labarin wani tela da matarsa.

Ranar farko muka danna na sama. Ga tsoho kwance, ga tsohuwa na yi masa fifita, ga 'ya'ya sun kewaye. Wani mutum ya shigo ya durƙusa yana neman gafara. Ba a jima ba tsoho ya cika. Aka yi sutura, aka kai shi, aka dawo, rubutu ya yi ta hawa sama. Taubashiya ta ce, "Iye! Ba sallama ba gaisuwa sai gawa? Wanga mai sharji ya cuce ni." Muka yi shawara ba za mu ɗaga zancen a gaban Ƙawa ba.

Kashegari muka danna na ƙasa da shi. Sai ga tsohon nan zaune a ƙofar gida yana shan kunu.

Wannan kam ba ta yiwu mu haɗiye ba. Tun a hanya muka fara musu, muka shiga gidan takaba da shi a baki, muka zauna muka ja dami, ba mu ma san mun ɗaga murya ba.

Taubashiya ta ce, "Ni na ce miki tagwaye ne. Ɗayan ne ya mutu."

Na ce, "Tagwaye da mata guda? Ba tsohuwar jiya ce ta kawo masa kunun ba?"

"To fatalwa ce."

"Fatalwa da hura kunu? Ke baiwar gidanmu, ki riƙa tuna Allah."

"Wa ce baiwarku? Uwarki ce ta fita daga gidanmu, ke ce baiwa. To in ba tagwaye ba, ba fatalwa ba, sai ki ce ya tashi. Jiya da idona na ga an kai shi, yau ga shi yana faɗa da jika a kan silifa."

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa, siririya, a dishe, kamar an buɗe tsohon akwati.

"Ya tashi?"

Hannuna ya tsaya a kan reshe. Ban juya ba, don na ji tsoron in na dube ta za ta koma. Na ce, "Bai tashi ba, Ƙawa. Wanda ya tafi ba ya tashi sai ranar da kowa zai tashi. Ina jin baya suke komawa da mu, su nuna mana yadda yake kafin ya kwanta."

Can ta ce, "Da ƙafarsa yake tafiya?"

Taubashiya ta ce, "Da sanda dai, amma da ƙafarsa. Har ya jefi akuya da takalmi."

Da za mu tafi Ƙawa ta ce, "Gobe ku zo da wuri."

Haka muka yi ta bi. Kullum gutsure guda, kullum tela na ƙara ƙarfi. Ya yar da sanda. Ya hau keken ɗinkinsa. Ni ke ba da labarin, don ni Allah ya ba jan zance, taubashiya na tsoma baki tana ɓata mini.

Na ce, "Yau gemunsa ya fara baƙi."

Ta ce, "Ai dama gari suka barbaɗa masa. Ranar nan da ya yi atishawa har ƙura ta tashi."

Na ce, "Mutumin nan da ya zo neman gafara, yau muka ga laifin. Shi ya raba shi da shagonsa."

Ta ce, "Wannan ya iya zama da mutane. Ya nemi gafara ran Talata, ya yi laifi ran Alhamis. Ni ma daga yau haka zan riƙa yi miki. Yafe mini, baiwa, gobe zan zage ki."

Surukar tana daka a gefe ta tuntsure da dariya, ta toshe baki da mayafi. Na saci kallon Ƙawa. Ba ta yi dariya ba, amma ta bar kallon bango, mu take kallo.

Ranar da na ba da labarin tela ya hau kekensa yana ɗinkin salla, a nan ta buɗe mana abin da ke cinta. Ta ce, "Ni ko na rufe ido ko na buɗe, a kan tabarmar nan nake ganinsa. Ƙashin haƙarƙari a waje, baki a bushe. Na yi, na yi in tuna fuskarsa ta da, ta ƙi zuwa. Shekarun nan duka da muka yi, damina guda ta cinye su. In na ɗauki loma sai in ga ya kasa haɗiya, sai tawa ta tsaya a wuya."

Taubashiya da ba ta taɓa rasa magana ba ta duƙa tana tsigar reshen da ba ganye. Ni kuma ba wata dabara na yi ba, tambaya ce ta zo mini. Na ce, "To kafin ya kwanta fa? Ranar ƙarshe da ya fita da ƙafarsa, ina ya je?"

Ta ce, "Tafki. Bai shiga ruwa ba. Ya je ya zauna gindin kuka yana yi wa yara faɗa a kan ɗaurin ƙugiya. Ya dawo da 'yan karfasa a leda, wai wani ya ba shi sadaka, yana ta mita wai yau shi ake ba kifi sadaka."

Na ce, "Kin gan shi?"

Ta ce, "Na ga bayansa. Yana fita zaure."

Daga ranar abin ya zama biyu. Mu kawo na tela, ita ta kawo na maigidanta, kowa na ja da baya. Tela ya aurar da ɗiya, ita ta tuna bikin autarsu, yadda ya ɓuya cikin rumbu don kada a ga hawayensa. Tela ya yi rigima da maƙwabci, ita ta tuna shekarar da ya yi fushi da sarkin ruwa ya ƙi shiga tafki har koma ta ruɓe. Magana ta dawo. Ci ne bai dawo ba. Kurɓar fura dai, sai ɗan shayi.

Sai ga wata safiya taubashiya ta kai salula sharji ta dawo tana huci. Ba ta tsaya mun yi shawara a hanya ba, don ranar ta riga ni isa gidan Ƙawa. Ina shiga na taras tana zazzagewa.

"Ashe mu ne jakai! Na ce wa mai sharji fim ɗinka mutane na komawa yara, ya karɓa ya duba, ya yi ta dariya har ya faɗo daga benci. Wai daga ƙarshe muka faro. Wai na sama shi ne na ƙarshe, daga ƙasa ake farawa a yi sama. Har ya kira masu kabu-kabu yana ba su labari. Ni da jikokina a garin nan! Gobe daga farko za mu faro shi, yadda masu hankali ke yi."

Na yi mata ido, ba ta gani ba. Na taka mata ƙafa, ta ce, "Mi ne ne kike taka ni?" Na dubi Ƙawa, na ga ta sunkuyar da kai tana juya 'yar wuƙarta. Na ce a raina shi ke nan, abin da muka tara mun zubar.

Sai ta ɗago ta ce, "In kun faro daga farko, ina zai ƙare?"

Taubashiya ta shiga juya salula a hannu.

Ƙawa ta ce, "To ni na je can, na ga abin da ke can. Ku bar shi yadda yake. Masu kabu-kabu su yi dariyarsu."

Can taubashiya ta ce, "Dama ni ban yarda da mutumin nan ba. Wanda batirinsa ba ya kwana, shi zai koya mini kallo?"

Muka ci gaba da abinmu, muna yin ƙasa. 'Ya'yan tela suka yi ta ƙanƙancewa. Babbar ɗiyar da muka ga an kai ɗakin miji ta koma mai tallar goro, ta koma goyo, rannan sai ga ta ta koma ciki. Taubashiya ta ce, "Kai, da haka ake yi da na mayar da na Ɗan Issa ciki, in huta da roƙon ya aiko mini da maganin ƙafa."

A kwanakin ne na ce wa surukar ta daina kai wa Ƙawa kwano ita kaɗai. Mu ma nan za mu riƙa ci. Sai ta dafa mana zogale daga wanda muke tsiga, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan barkono, ta ajiye tsakiyar tabarma, inda hannun kowa zai kai. Ba wanda ya ce wa Ƙawa bismilla. Mu ci, mu yi hira, a ɗauke.

Ranar da abin ya faru, tana ba mu labarin shekarar da tafki ya cika ya shigo unguwarsu. Lokacin tana goyon fari. Ruwa har zaure. Kowa na kwashe kaya yana salati, shi kuwa maigidanta ya naɗe wando yana bin tarwaɗa tsakar gida da kwando. Ta ce, "Ina ce masa, Malam, gero na jiƙewa! Yana ce mini, riƙe ƙofa kada ta fita! Ya kama ta ta zille, ya kama ta ta zille, ya faɗa ruwa ya taso da taɓo har kunne, ya ɗaga ta sama yana ce wa maƙwabta, yau kifi ya kawo kansa gaisuwa."

Tana faɗa tana dariya, irin dariyar da ke fita da hawaye. Ina kallo hannunta ya miƙe ya shiga kwano. Ta ɗebo, ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye, tana ci gaba da zance. Ta sake ɗebowa. Na kafe idona a kan zogalen da ke cinyata. Na daki taubashiya da gwiwar hannu, wannan karon ta gane, ta shiga tambayar girman tarwaɗar. Surukar ta juya mana baya tana share fuska da gefen zane.

Sai da ta yi loma da dama sannan ta tsaya, ta dubi hannunta, ta dube mu. Ta ce, "Wa ya kwaɗa wannan?"

Surukar ta ce, "Ni ce, Inna."

Ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan. Miƙo."

Ban taɓa jin daɗin ƙorafi irin na ranar ba. Alhamdu lillahi. Da na koma gida na yi alwala na yi raka'a biyu, ban roƙi komi ba, godiya kawai na yi.

Gutsure na ƙasa ya zo ana sauran 'yan kwanaki ta fita takaba. Tela saurayi ne, ba gemu, ba shago, yana ɗinki da allura a rumfar ubangidansa. Wata yarinya ta kawo gyaran zane, ya tsira wa kansa allura garin kallonta. Na ba da labarin, taubashiya ta ce yarinyar ta fi ƙarfinsa, da ita ce da ba ta tsaya ba.

Ƙawa ta ce, "Ranar da na fara ganin maigidana ku kuna nan, amma ba ku lura ba. Mun kai fura bakin tafki. Yana can tsakiyar ruwa a kan gora yana su. Da ya hango mu sai ya ce bari ya nuna gwaninta, ya saki hannu biyu, gora ya juye da shi. Ya fito yana tari yana dariya." Ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Wushirya gare shi. Kun tuna? Tun da haƙoransa suka zube na manta. Ga ta nan, ina ganinta."

Taubashiya ta ce, "Na tuna mana. Ni ya fara kallo, ke dai kika riga ni miƙa fura."

Ƙawa ta ɗauki reshen zogale ta maka mata a baya.

Ranar fita ta yi wanka, ta sa sabon zane, aka yi sadakar waina. Da ƙafarta ta je bakin tafki, mu biyu muna gefenta.

To ga yadda kowa ya ƙare. Mai sharji ya tashi daga bakin tasha ya koma Maraɗi, an ce shago ya buɗe. Har ya bar garin nan in ya hango mu sai ya ce, ga masu faro tuwo daga ƙanzo. Na yafe masa, kuma ina sa masa albarka. Surukar ta haifi namiji bayan shekara, aka mayar masa da sunan kakansa, Ƙawa ba ta iya kiran sunan sai ta ce masa Maigida. Taubashiyata ɗanta ya ɗauke ta ta koma Ɗan Issa saboda ƙafar, tana zaune ƙofar gida tana saida gyaɗa tana tsokanar direbobi. In an yi biki tana zuwa, kuma har yau baiwa take ce mini. Ƙawa ta koma bandar kifi, ta yi ƙiba har zobenta ya ƙi fita. Kunnenta guda ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, amma tana nan da ranta. Ni kuma ga ni, gwiwa ta hana ni nisa, ido ya rage, hannu dai na tsiga.

Nan na kawo ta, nan na ajiye. Wanda ya ji ya yi wa masuncin nan addu'a.